Ni Ne Wanda Kuka Ba Wa Tsintsiya

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ɗalibai,
da 'yan majalisarsa baki ɗaya,
na wannan makaranta tamu da ke Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyayenka da duk waɗanda kuke aikin nan tare. Yaya karatu, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka, ya yi riƙo da hannunka.

Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna. Na so in yi da Turanci kamar yadda na ga ana yi a nan, na gwada sau biyu na yayyaga takardar, don abin da ke raina ba ya fitowa. Kuma ban san da wane suna ya kamata in kira ka ba. Na ji wasu na cewa Kwamared, wasu na cewa Firesido. Ni dai zan ce Shugaba, idan na yi kuskure a yafe min. Da hannu na rubuta, kwafi biyu. Ɗaya zan liƙa a ƙofar ofishinku, ɗaya a bangon masallaci wajen alwala, don ba ni da wata hanyar da maganata za ta iso gare ka.

Sunana Mudassiru Garba, daga wani ƙauye a bayan Kausani. Ina ajin share fage, ɓangaren kimiyya. Wannan ne makona na takwas a makarantar nan. Ka san ni, har hannu mun yi, amma ba ka san ɗalibi ne ni ba. Abin da ya sa na rubuto ke nan.

Bari in fara faɗar abin da ke gabana don kada in ɓata maka lokaci. Malamin lissafi ya ba ni zuwa ranar Alhamis ɗin nan in kawo masa shaida daga ƙungiya cewa ni ɗan ajinsa ne kuma ina zuwa lakca. Idan na kawo, zai yi min tes ɗin da ya wuce ni, ya sa sunana cikin waɗanda za su zauna jarrabawa. Idan ban kawo ba, babu ni babu jarrabawar lissafi. Kai ma ka sani, ɗan share fage da ba shi da lissafi gida zai koma. Ga yadda abin ya faru.

1. Maganar shara

Ni ba a hostal nake ba. Daga gida nake zuwa kullum a keken yayana. Ina idar da sallar asuba nake hawa, don in riga manyan motoci fitowa titi. Shi ya sa kusan kullum ni nake fara isowa babban ɗakin nan da ake ce wa hol, inda muke lissafi da kemistiri.

A makarantar da na yi, tun daga firamare har sakandare, ba mu da mai shara. Wanda ya fara zuwa shi yake share aji, ya goge allo, ya kakkaɓe teburin malam. Ba a ma sai an ce maka ba. Idan malam ya shigo ya tarar da kai zaune cikin datti, kai da ka riga kowa zuwa, kai za ka sha bulala. Malaman namu ba su da yawa, lissafi ma wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana wata shida ya tafi, sauran da tsofaffin takardun jarrabawa muka haɗa. Karatuna ba mai yawa ba ne, ban ɓoye ba. Amma wannan ɗaya dai an koya mana sosai.

To ranar farko na shigo hol na ga ledojin ruwa da ɓawon gyaɗa da takardu ko'ina. Na duba bayan ƙofa babu tsintsiya. Washegari sai na ɗauro ta Innarmu a bayan keke. Ina zuwa in share tun daga gaba har baya, in goge allo, in kwashe sharar in kai bola, sannan in wanke hannu in zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, tsintsiyar a gefena don kada a ɗauke. A baya nake zama saboda na ga waɗanda suke gaba sun fi ni wayewa, suna ta Turanci da juna, na ce bari in bar musu.

Babu wanda ya ce min daina. Babu wanda ya ce min sannu ma. Ina yi wa mutane sallama, wani ya amsa, wani ya ɗaga min hannu ya wuce. Wata rana wata ɗaliba ta miƙo min ledar ruwan da ta shanye, ta ce, "Malam, don Allah haɗa da wannan." Na karɓa. Wani ya ce, "Abokina, can layin namu ba ka share da kyau ba fa." Na koma na sake. Ni a raina na ce haka mutanen birni suke, ba sa jin nauyin sa mutum aiki.

2. Maganar takardar da ake zagayawa da ita

A wajenmu suna ake kira. Monita ya tsaya da rajista, ya kira ka, ka ce firezan sa. Tun ranar da na zo nake jiran a kira suna. Na ce wataƙila don muna da yawa ne, sai an gama haɗa rajistar. Mako ɗaya, mako biyu, shiru. Ina ganin wata takarda tana yawo daga hannu zuwa hannu a lokacin lakca, amma idan ta zo layin ƙarshe sai na gabana ya miƙe ya mayar da ita gaba, ba ya ko waiwayo ni. Sau ɗaya ta taɓa zuwa hannuna. Na ga sunaye da lambobi, na zaci ta 'yan hostal ce ko ta wata ƙungiya, na ce kada in sa hannu a abin da ban sani ba, na miƙa ta gaba.

Ashe ita ce rajistar. Mako bakwai ina zaune a ɗakin nan, ban taɓa fashi ba ko ranar da aka yi ruwa na iso jiƙe sharkaf, amma a takarda ban taɓa zuwa ba ko sau ɗaya.

Za ka ce me ya sa ban tambaya ba. Na tambayi kaina wannan tambayar har na gaji. Wa zan tambaya? Ana tashi kowa ya kama abokinsa ya fita. Da rana ina zuwa gindin darbejiyar bayan laburare in ci ɗumamen da Inna ta ƙulla min, ni kaɗai. Akwai ranakun da tun da na yi sallama da mutanen gida da asuba, ban ƙara buɗe baki ba sai amin a masallaci, har na koma. Gidanmu bai kai tafiyar awa ɗaya da rabi ba a keke, amma wallahi ban taɓa jin na yi nisa da gida kamar a nan ba.

3. Ranar da muka haɗu da kai

A mako na huɗu ne, ranar wata Asabar da aka sa mana lakca. Ina cikin shara sai ga ku kun shigo, kai da mutanenka, da sababbin tsintsiyoyi masu dogon hannu da bokitai, ana ɗaukar hoto. Na ji ana cewa ƙungiya ce ta fito aikin tsaftace makaranta. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe dai akwai masu irin tarbiyyarmu a nan.

Ka zo har inda nake ka ba ni hannu. Ka ce, "Sannu da ƙoƙari, abokina. Muna ganin aikinka." Ka ba ni riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, da tsintsiya sabuwa, da bokiti, da sabulu sanda biyu. Ka dafa kafaɗata aka ɗauke mu. Ba ka tambayi sunana ba, ni kuma kunya ta hana ni faɗa.

Shugaba, ni na ɗauka kyauta ce irin wadda hedimasta yake ba ɗalibin da ya fi kowa ladabi a ƙarshen zango. Ranar ban san yadda na tuƙa keken nan na isa gida ba don murna. Na ce wa Baba shugaban ɗalibai na makarantar gaba ɗaya ya zaɓe ni ya ba ni kyauta a gaban mutane. Baba ya juya rigar nan, ya sake juyawa, ya ce, "To, madalla. Ka riƙe mutumin nan da kyau, ka ga tun ba a je ko'ina ba ya san da kai." Ya fita da ita majalisa bayan magariba ya nuna wa abokansa. Inna ta ɓoye sabulun, ta ce ba za a yi wanki da shi ba.

Daga ranar kullum da rigar nake zuwa. Ina sa ta a kan kayana in yi shara, in zauna da ita a lakca, don kada ka gan ni babu ita ka ce na raina kyautarka.

4. Ranar tes

Ranar Litinin ta makon jiya na zo kamar kullum, na share, na zauna. Takwas ta yi babu kowa. Tara ta kusa babu kowa. Na ce ko malam ne ya yi tafiya. Ina ta bitar littafina sai ga Baba Iliya, dattijon nan mai sharar ɓangarenmu, ya leƙo. Tun da na zo nake gaishe shi, da ƙyar yake amsawa, ban san laifin da na yi masa ba. Ranar dai ya tsaya ya ce, "Kai, zaman me kake? Yau ai babu kowa a nan, suna can sabon gini suna tes. Ka je ka huta." Na ce wane tes? Ya ce na lissafi. Na ce ai ajinmu ne. Ya kalle ni ya kalli littafin hannuna, ya ce, "Ajinku? Kai ɗalibi ne?" Na ce e. Sai ya ajiye bokitinsa ya riƙe haɓa. Ya ce, "Inna lillahi. Yaro, ni duk zatona kai aka ɗauko a maye gurbina. Wata biyu ba na barcin kirki saboda kai. Yi maza, ruga!"

Na ruga. A bakin ƙofa na tarar da wakilin ajinmu, wanda ake ce wa kilas ref. Ya tare ni da hannu ya ce, "Malam, tes ake yi, ka dawo an jima ka share." Na ce ɗan ajin ne ni. Ya yi dariya. Na zaro takardar shigata makaranta daga aljihu, na nuna masa. Ya karanta, ya kalli rigar da ke jikina, sai ya daina dariyar. Amma na ciki sun riga sun ji. Wani ya ce, "Kai jama'a, ashe Oga Tsintsiya ma injiniya zai zama!" Ɗakin ya ɗauka. Malam ya buga tebur ya ce a yi shiru, ya ce saura minti biyar a karɓi takarda, in same shi a ofis.

A ofis ya buɗe takardun sa hannu tun daga farkon zango, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da biro. Ya ce, "Babu sunanka ko wuri ɗaya. Fuskarka kuwa na san ta, amma ba a matsayin ɗalibi ba." Na buɗe masa littafina, duk abin da ya taɓa rubutawa a allo yana ciki, har wanda ban gane ba. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce littafi ana iya kwafa a wajen wani, shi kuma doka ta ɗaure shi, ba zai sa sunan da babu a rajista ba sai da takarda daga wakilin aji da sa hannun ƙungiya. Ban ga laifinsa ba. Ya ma yi min kirki da ya ba ni lokaci.

Daga baya na ji cewa an sanar da tes ɗin da canjin ɗaki tun ranar Juma'a, a guruf ɗin wasaf na aji. Ni wayata 'yar ƙarama ce mai tocila, kira kawai take yi. Ko da babba ce ma babu wanda ya taɓa karɓar lambata. Wakilin ya ce min shi wallahi da ya sani da ya faɗa min da baki, amma wa zai je ya gaya wa mai shara an canza ɗaki? Ya rubuta tasa takardar, Allah ya saka masa. Saura taku.

A ranar ne kuma wani ya nuna min hotonmu ni da kai a wayarsa. Akwai rubutun Turanci a ƙasa. Na ce ya fassara min don in tabbatar. Ya ce an rubuta ƙungiya ta karrama masu sharar makaranta.

5. Zuwana ofishinku

Na je sau uku. Ranar Talata a kulle. Ranar Laraba na sami wani a ciki yana cajin waya, ya ce kana mitin, in turo ƙorafina ta wasaf. Na ce ba ni da shi. Ya ce to ta imel. Na ce shi ma ba ni da shi, na fito. Ranar Juma'a na zauna a dakalin ƙofar tun safe har aka yi kiran sallah. Ka wuce da mutane wajen biyar, na miƙe na yi sallama, ka ɗaga min hannu ka ce, "A'a, mutumina, ya aiki?" Kafin in haɗa maganar da zan faɗa kun shiga mota.

Ban ce ka yi da gangan ba. Ina ji a jikina kai mutumin kirki ne, don wanda ba na kirki ba ba zai tuna da masu shara ba ma. Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce ina ƙyamar shara. Baba Iliya ya girmi mahaifina, kuma tun ranar nan shi kaɗai ne yake nemana a makarantar nan. Yana zuwa gindin darbejiya ya zauna mu ci abinci tare, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi min laifi. Abin da ya dame ni shi ne, mutum ya yi wata biyu a cikinku, yana zama a ɗaki ɗaya da ku, yana bin sahu ɗaya da ku, a rasa mutum ɗaya da zai ce masa kai wane ne, daga ina. Ko baƙon da ya sauka a tasha ya kwana a garinmu, kafin gari ya waye an san sunansa da na ubansa, an kai masa koko.

Na ga abubuwan da kuka liƙa lokacin da muka zo, cewa za ku kawo intanet kyauta, za ku gyara filin ƙwallo, za ku yi daren wasanni. Duk suna da kyau, Allah ya ba ku iko. Amma irina ba mu kai nan ba tukuna. Mu ƙofar shiga muke nema. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Tun da abin nan ya faru na fara lura. Akwai wani yaro daga Dagumawa da yake zama a bayan ɗakin kemistiri, shi ma bai san ana karɓar katin laburare ba, ya zaci sai 'yan babban aji ake bari su shiga. Akwai 'yan mata biyu da kullum suke tsayawa a bakin ofishin rajista, ba sa shiga, ba sa tafiya.

Don haka ga roƙona.

Na farko, kuma shi ne na gaggawa: ka sa hannu a takardar shaidar nan kafin Alhamis, ko ka sa wani daga cikin mutanenka ya raka ni wajen malam. Ba ƙarya nake so ka yi min ba. Kai da kanka ka same ni a hol da sassafe, kuma duk ajin sun san kujerar da nake zama, ko da ba su san dalilin zaman ba.

Na biyu, duk sanarwar da za a sa a waya, a rubuta ta a takarda a liƙa a ƙofar ɗakin da abin ya shafa. Idan an canza ɗaki, ko da alli ne a rubuta a allo. Wannan ba ya buƙatar komai sai mutum ɗaya da ya tuna.

Na uku, idan sababbi sun zo, a haɗa kowane da wani ɗan babban aji ya zama kamar mai masaukinsa, ko na mako biyu ne. Ya nuna masa inda ake sa hannu, inda ake karɓar kati, abin da ake yi da wanda ba a yi. Ya riƙa tambayarsa ya kwana. A yi bayanin da Hausa ga wanda Turancin bai zauna masa ba, ba za mu ji haushi ba. Idan Allah ya sa na tsallake, ni zan fara ba da sunana a wannan aikin baɗi.

Na huɗu, hoton nan. Ban ce a goge ba. A gyara rubutun ƙasan kawai, don akwai 'yan garinmu masu manyan wayoyi, kuma ina tsoron ranar da wani zai kai wa Baba ya karanta masa. Idan kuma masu shara kuke son karramawa, ku nemi Baba Iliya da abokan aikinsa, ku tambayi sunayensu.

Shugaba, har yau ban faɗa a gida ba. Yanzu lokacin girbi ne, yayana shi kaɗai yake yankan geron da mu biyu muka saba yi, da ƙafa yake zuwa gona saboda ya bar min keken. Da daddare idan na dawo sai ya ce, "Ɗan boko, yau me aka koyo mana?" Sai in ce lafiya lau. Ban saba yi masa ƙarya ba, abin yana ci na. A gidanmu ni ne na farko da ya wuce sakandare, kuma idan na koma a haka na san ba za a ƙara tura wani ba, za a ce an gwada.

Ranar Laraba zan zo ofishinku tun ƙarfe bakwai, ba zan tashi ba sai la'asar. Dogo ne ni, baƙi, siriri, akwai tabo a gefen girata ta hagu, zan sa shuɗiyar shadda da hula ruwan toka. Takardar tana hannuna a cikin leda, biro ma zan zo da shi. Minti ɗaya ya ishe ka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon sauke nauyin da ka ɗauka, ya sa ka gama karatunka da sakamako mai kyau. Allah ya saka wa iyayenka da alheri. Duk inda za ka je baƙo a rayuwarka, Allah ya haɗa ka da wanda zai karɓe ka. Idan akwai inda na yi maganar da ba ta dace ba a takardar nan, rashin sani ne, a yafe min.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Naka,
Mudassiru Garba Kausani,
ɗalibi, ajin share fage, ɓangaren kimiyya.